Haka Ne, Baba

Da Baba ya tashi daga jinyar hawan jini yana jan ƙafar hagu, 'ya'yansa biyar suka zauna a kan wanda zai ɗauke shi. Uku suka sunkuyar da kai, kowa ya tuna gidansa ƙarami ne. Saura biyu: babban ɗansa, wanda unguwa ke kira Mai Fenti saboda shagonsa, da Auta, ma'aikaciyar jinya, mai ɗaki biyu na haya a ƙasa.

"Ina raye ubana ya zauna gidan suruki?" in ji Mai Fenti. "Me mutane za su ce da ni?"

"Yaya, ni ƙafarsa nake dubawa, ba bakin mutane ba," in ji Auta.

Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan cewa Baba zai yi wata biyu a gidan Mai Fenti, daga nan shi da bakinsa ya zaɓi inda zai zauna. Mai Fenti ya ɗauki abin tamkar jarrabawa, ya kuma rantse ba zai faɗi a gaban ƙanwar da ya goya ba.

Ya ba Baba ɗakin da ya fi kowanne kyau, a saman bene. Ya shafe shi da fenti ruwan sararin samaniya har shafi uku, ya sa na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, tayil ɗin ƙasa kuwa sai ka ga fuskarka a ciki. Ya ɗauki hoto ya tura wa guruf ɗin 'yan gida na waya.

Likita ya ce Baba ya riƙa taka ƙasa rabin awa kowace safiya, a riƙe shi, a kuma riƙa yi masa hira. Mai Fenti ya ce ba wanda zai yi wannan sai shi. Ƙarfe shida da rabi sukan fita, Baba da sanda a dama, ɗansa riƙe da hannun hagu, su bi dogon titin da ya wuce gidan mai, su kai shataletale, su juyo.

Titin a wannan lokacin na masu motsa jiki ne, kuma duk kurame ne da gangan. Kowa ya toshe kunnuwansa. Akwai ma'aikaciyar banki da ke sauraron yadda ake zama attajiri, tana tafe tana motsa leɓe. Akwai wani lauya mai tumbi da ke jin gardamar ƙwallo, sai ya tsaya gaban bishiya ya daka mata tsawa, "Ƙarya ne!" Akwai mata da miji da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa na dariyarsa daban. Wani malamin makaranta kuma yana koyon yaren wata ƙasa. Ya iya gaisuwa iri bakwai a cikinsa, yana rera wa turakun lantarki, amma maƙwabcinsa zai wuce bai ce masa ina kwana ba.

Mai Fenti ya raina su duka. Shirme suke ji. Shi abin amfani ya samo: lacca arba'in da wani mai zaƙin baki ya yi a kan haƙƙin iyaye. Ya sayi iyafis marar waya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, ya cusa a kunnuwa biyu, ya jawo hular sanyi ya rufe. Idon Baba akwai yana, ba zai gani ba. A ganinsa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga hidima, ga ilimin hidima.

Baba kuwa, tsohon kafinta, mutum ne mai magana. Tun daga ƙofar gida bakinsa ke motsi. Mai Fenti ya tanadi amsa uku, yana juya su kamar tayar keke. In ya ga bakin tsohon ya tsaya, sai ya jefa ɗaya: "Haka ne, Baba." Ko "Ikon Allah." Ko "Allah ya kyauta."

Laccar tana taɓa shi ƙwarai, wannan ba ƙarya ba ne. Ranar da mai laccar ya kawo labarin wani da ya goyi tsohonsa a baya ya ƙetare kogi, sai da hawaye suka zubo masa, ya matse hannun Baba. Yana komawa gida ya tura wa guruf, ya rubuta a ƙasa: "Lacca ta goma sha bakwai. Duk mai uba a raye ya saurara." Kowa ya san da wa yake.

Wata rana matarsa ta tare shi yana ɗaura takalmi.

"Baban yara, ka lura Baba ya daina shiga wanka? Ruwan da nake kai masa haka nake sauko da shi."

"Sanyi ne."

"Wane sanyi? Ka tambaye shi mana."

"Ke, kullum muna tare rabin awa. In da wata damuwa, ai ni zai fara gaya wa."

Nan ya faɗi gaskiya bai sani ba.

Ranar Asabar da wata biyu suka cika, 'yan'uwa suka hallara a falo. Mai Fenti ya sha farar riga, ya shirya ɗan jawabi, har da abin da ya tsinto daga lacca ta talatin. Ya ga Auta ta shigo da babban akwati fanko, ya yi murmushin tausayi. Aka sauko da Baba mataki-mataki, aka zaunar da shi.

Kafin Mai Fenti ya gyara murya, Baba ya ce, "Ba sai an daɗe ba. Gidan Auta zan koma. Mun gama magana da yayanku, ya amince."

"Ni? Yaushe, Baba?"

"Talata, daidai gidan mai. Na ce ina ganin gara in koma wurin Auta. Ka ce haka ne, Baba."

Mai Fenti ya ce, "Baba, ai wannan... ban ji da kyau ba."

"Na sani. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ido ne ya yi rauni, hankali na nan."

Tsohon ya ɗaga gefen rigarsa. Daga haƙarƙari zuwa ƙugu fatar ta yi baƙi-baƙi, gefenta ya koma ruwan ɗorawa. Auta ba ta firgita ba. Ta riga ta gani ranar Laraba da ta zo auna masa jini. Sauran suka yi salati.

"Sati uku ke nan da na zame a banɗakin nan naka mai sheƙi," in ji Baba. "Na daɗe a ƙasa kafin in kamo bakin famfo in miƙe. Da safen na gaya maka. Ka ce ikon Allah. Har na ji ka matse hannuna, na ji kana jan hanci. Na ce yaron nan ya ji tausayina, yau zai sa a kafa mini abin riƙewa. Shiru. Kashegari na maimaita. Shiru. Rana ta uku na ce bari in gwada ruwan nan in ji zurfinsa. Na ce maka jiya na haɗiye agogon bango, yana nan yana bugawa a cikina."

"Me ya ce?" in ji wani ƙane.

"Ya ce haka ne, Baba."

Ƙanen ya cusa fuska a hannun riga, kafaɗunsa na rawa don dariya. Matar Mai Fenti ta tashi ta shige kicin.

"To, Baba, da ka taɓa ni! Da ka ja hannuna!"

"Hannu ɗaya na sanda, ɗaya na wurinka. Kuma ban haife ka don in roƙe ka kunne ba."

"Da ka gaya wa maman yara."

"Maganar banɗaki zan yi da surukata?"

Mai Fenti ya miƙe tsaye. Mutum in ya rasa gaskiya, ƙarfin murya yake nema. "Wallahi ba waƙa nake ji ba! Ba ƙwallo nake ji ba kamar waɗancan! Lacca ce, Baba, a kan haƙƙinka!"

"Ta nawa ka kai, Yaya?" in ji Auta, a hankali.

"Talatin da takwas."

"Ayya. Saura biyu ka zama ɗa nagari, ga shi mun katse ka."

Bai kula ta ba. Ya durƙusa gaban kujerar. "Baba, yau ɗin nan zan sauko da kai ɗakin ƙasa. Zan kira a kafa ƙarfe a banɗaki, a shimfiɗa roba. Kafin la'asar an gama. Ka faɗi yadda kake so."

"Na faɗa. Na faɗi inda za a kafa, na faɗi tsawonsa, na ce katako ya fi ƙarfe don ba ya santsi in ya jiƙe. Matar nan mai sharar titi ma ta haddace, don a bayanmu take tafe da tsintsiyarta. Kullum sai ta ce, Baba, an kafa? In ce mata ana hanya, kada ta raina ka."

Wannan ita ta fi komai yi wa Mai Fenti ciwo, kuma abin kunya ne a ce ita ce ta fi.

Baba ya dafa kansa. "Ba fushi nake ba. Ka ciyar da ni, ka yi mini ɗaki kamar na amarya. Amma tsoron benen nan nake ji, ina kuma son in yi wanka. Auta, haɗa kayan."

Ba su da yawa. Mai Fenti ya hana kowa taɓa akwatin, shi ya sauko da shi a ka. A kwanar benen ƙafarsa ta ɗan goce, ya kai hannu neman abin kamawa, ya tarar da bango sumul, sai fenti.

Aka shigar da Baba gaban mota, aka miƙa masa sandarsa. Mai Fenti ya sunkuya ta taga, murya ƙasa-ƙasa don kada ƙannensa su ji.

"Baba, in riƙa zuwa da safe mu yi tafiyar?"

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa.

"Mijin Auta ya ce zai riƙa fita da ni," ya ce. "Amma ranar Lahadi yana aikin safe. Ka zo Lahadi."

Auta ta tayar da mota.