Tukunya Biyu

Mai gyaran agogo yana cikin yanka tumatir na bakwai ƙanwar marigayiyar matarsa ta shigo da tulun ruwa. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon katakon yankan.

"Yaya, wa za ka ba wannan?"

Ya ce Auta mana. Shekara shida 'yar tasa ba ta taka gidan ba, sai ranar rasuwar uwarta, shi ma ba ta kwana ba. Jiya ta yi waya ta ce za ta biyo, amma a motar yamma za ta koma. Shi kuwa ya share mata ɗaki, ya sa sabon labule. So yake ta kwana, ko da dare ɗaya ne.

Ƙanwar ta durƙusa, ta jawo wata ƙaramar tukunya daga ƙarƙashin kantar kwanuka, ta tambaye shi ko ya san ta mece ce. Ya ce ta ɗumama ruwa, ko? Ta girgiza kai. Ta ce shekara ashirin yayarta tana miya biyu a gidan nan, tasa da tumatir, ta Auta babu, tana zuba mata a ɓoye don kada ya yi faɗa. Tumatir yana kumbura wa yarinyar baki, yana shaƙe mata maƙogwaro. Har likita ya rubuta a takarda.

Ya zauna a kan kujera da wuƙar a hannu. A shagonsa akwai agogon da ba ya tafiya sai an kifa shi, akwai wanda ke tsayawa duk lokacin damina, bai taɓa cewa ɗayansu yana tsirfa ba. Amma ya tuna ranar da uwar ta yi tafiya, ya tsare Auta da kwano sai da ta cinye tana hawaye. Da leɓenta ya kumbura, cewa ya yi cizonsa ta yi don ta ba shi haushi. Shekararta tara.

Ya tura tumatirin gefe, ya wanke wuƙa da katako sau uku, ya yanka albasa kawai a ƙaramar tukunyar. Ƙanwar ta ce zai ƙona, ya ce ta bar shi.

Auta ta iso bayan azahar. Ta gaishe shi a tsaye, jakarta a kafaɗa. Da ya kawo abinci ta ce ta gode, ta taho da nata, ta nuna masa kula a cikin jaka. Ya buɗe murfin kwanon miyar da ya kawo. Ta leƙa. Miyar fara ce fat, albasa na yawo a kan mai.

"Wa ya gaya maka?"

Ya so ya ce ai ya daɗe da sani. Bakinsa ya ƙi.

"Innarki. Yau da safe."

"Yau," in ji ta.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Can ta sauke jakar, ta zauna, ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna a hankali.

"Baba, ba gishiri."

Ya miƙe da sauri, ya buɗe gwangwanin sukari, ya buɗe na ganyen shayi, ya tsaya yana waige-waige a tsakar ɗakin girkin. Ta ce ya zauna kawai, ta cire takalminta ta shiga ɗakin girkin ɗauko gishirin.