Damin Iri a Ƙofar Asama'u

Zailani ya sauke damin irin gidansu daga rufin madafi, ya kai shi ƙofar gidan su Asama'u. Da rana tsaka ya yi, gari na kallo. Ubansa Gudaji yana kasuwar Maigatari a lokacin, ya je sayar da akuya.

Shekarar fari ce, ta saba'in da uku. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. A Kukar Ubale, ƙauyen da ke gefen Sule Tankarkar, gandun Gudaji bai ba da abin da zai kai gidan tsakiyar rani ba. Gayaunar Zailani kuwa, 'yar gonar da uba ke yanka wa ɗansa ya noma don kansa, kara kawai ta yi. Gudaji ya bi gandu da ƙafa, ya tsinci zangarnun da suka cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye shi inda hayaƙi zai kore ƙwari. Gero ne mai saurin nuna, wanda ya gada wurin ubansa. Shi ne shukar baɗi. Ya faɗa wa kowa a gidan, ko mutuwa ake yi kada a taɓa shi.

Da ya dawo bayan la'asar, ya leƙa madafi kamar yadda ya saba. Igiya ce kawai ke lilo.

"Ina damin?"

Matarsa Rahamatu ta miƙo masa ruwa. "Ka sha tukuna, Malam."

"Na ce ina damin?"

"Yana ƙofar gidan Bappa, uban Asama'u."

Bai tambayi dalili ba. Ya sani. Al'adar garin ce. Kowace kaka, in samari da 'yammata sun gama wasan kalankuwa, rana ta ƙarshe ita ce Ranar Dami. Saurayi zai ɗaure dami daga gayaunarsa, ya jingine a ƙofar gidan yarinyar da yake so, ba tare da ya ce uffan ba. In tana sonsa, da safiyar ranar za ta ɗauki damin a ka ta kai dandali. Ƙawayenta su taya ta sussuka da daka, a dama fura, gari ya sha, ita kuma ta miƙa wa saurayin ludayin farko. Daga nan manya su shiga maganar. In ba ta so, ta mayar da damin gidan su saurayin. Da zarar ya ƙetare dokin ƙofar zaure, magana ta mutu, ba a ƙara tayar da ita. Ranar kuwa jibi ce.

Ya tarar da Zailani a bayan gida yana tufka igiya. Yaron ya miƙe, ya sake durƙusawa.

"Ka san mene ne ka ɗauka?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani."

"Bappa zai tashi da sauran shanunsa ya yi kudu bayan Ranar Dami. In ba a yi maganarta ba, da ita zai tafi."

"Mu kuma mu shuka me? Soyayya?"

"Zan je ci-rani Kano. Zan sayo iri."

Gudaji ya tofar da yawu. Ya ga irin kasuwa da idonsa a Maigatari ranar nan. Rabi tsakuwa, kuma mai sayarwa kansa bai san ko mai saurin nuna ne ko mai jinkiri ba. Ya ɗaga hannu zai mari yaron, sai ya ji hannun ya yi masa nauyi. Tun asuba yake tafiya. Ya sauke.

Da yamma Rahamatu ta kawo masa tuwon jar dawar nan ta agaji da miyar rama. Ta zauna nesa kaɗan.

"Ai Ishaku na da irin nan," ta ce. "An ce su a Gagarawa sun ɗan samu."

Ishaku ƙanensa ne. Tun rabon gadon ubansu ba su ƙara gaisawa ba.

"Gara in shuka yashi," in ji Gudaji.

Washegari ya tafi gidan Iya Zinariya, tsohuwar da ke kula da 'yammata a dandali. Tana zaune gindin darbejiya tana kankare ƙorai da wuƙa.

"Iya, bana a bar wasan nan."

Ba ta ɗaga kai ba. "Wasan da aka fara saboda yunwa shi za a bari saboda yunwa?"

"Wa ya ce saboda yunwa aka fara?"

"Kai dai ka tsufa ba ka san garinku ba. Ubale da ya sari garin nan bara ne, a gonar wani yake aiki. Ba saniya, ba zane, ba dangin da za su je nema masa aure. Shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa suna neman hatsi, dami guda ya samu. Ya kai ƙofar 'yar mai rijiya ya jingine, ya tafi, don ba shi da bakin magana. Ita kuwa ta ɗauka ta kai gindin kukar can, ta daka, ta shayar da duk wanda ke kwance a wurin. Ubanta ya rasa yadda zai hana. Mutanen da suka sha furar su suka tsaya wa Ubale. Shi ya sa har yau gari ke sha."

"Shi Ubalen, da me ya yi shuka da damina ta zo?"

Iya ta busa ƙwaryar. "Wannan ba a faɗa mana ba."

"Ba a faɗa ba don ba daɗin ji."

"Oho. Ga garin dai."

Gudaji ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya rage murya. "A raba shi. A daka rabi, a bar mini rabi."

"Ba a kwance dami sai a dandali. Kuma kowa ya gan shi. Dammunan bana ba su cika yatsun hannu ba, naka ne mai auki. Yara tun jiya suke zagaya shi suna shinshina." Ta dube shi a karon farko. "Kai da ka kai wa Rahamatu naka, wa ya ce a raba? Na tuna shi sarai. Kamar tsintsiya. Da hannu ɗaya ta ɗauka."

"Nawa daga gayaunata ya fito."

"Ai sai ka faɗa wa sama."

Daga nan ya wuce gidan Bappa Bafulatani, a ƙarshen gari. Fatun shanu ne shanye a kan danga, sun bushe sun ƙandare. Shanun da suka rage suna tsaye a inuwa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga hanya. Damin yana nan jingine a bakin ƙofa. Gudaji ya wuce shi bai kalla ba, amma ya ji ƙamshin hayaƙin madafinsa.

Bappa ya fito yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Kaɗo, zance ka zo da furfurarka?"

"Kayana na zo ɗauka."

"Ban ajiye ba, ba zan ɗaga ba. Al'adarku ce, mu mun tarar da ita. Hannun yarinya kaɗai." Ya juya. "Asama'u! Ga Babanku."

Ta fito ta durƙusa. Hannuwanta a ɗaure cikin ganye da tsumma, ta ƙunsa lalle saboda gobe. Ba ta da jiki, farin ya taɓa ta kamar kowa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya." Ya nuna damin da haɓa. "Iri ne."

"Na gani, Baba. Hayaƙi ya yi masa baƙi."

"To."

Ya tsaya. Ya shirya magana mai yawa a hanya, yanzu ta watse. Bai taɓa roƙon babba ba, balle yarinya.

"Akwai ƙananan yara a gidan," ya ce. "In ruwa ya sauka ba abin zubawa a rami, kin san sauran."

Ta sunkuyar da kai. Bappa ya kalli shanunsa. Gudaji ya juya ya kama hanyar gida, rana na dukansa a ƙeya.

Ranar Dami ta waye. Tun hantsi aka fara jin kalangu daga dandali, mai kiɗa ɗaya, ba kamar shekarun da ake zuwa daga ƙauyuka a kwana ana rawa ba. Mata suka fito da turame. Yara suka bi su da ƙananan ƙorai a hannu.

Gudaji ya zauna a zaure kan buzu. A kusurwa ya ga tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiyar da Zailani ke tufkawa, rigunansa a ciki. Zailani kansa yana tsaye a waje, jingine da katanga, sanye da rigar da aka wanke ba sabulu.

Rahamatu ta leƙo daga cikin gida.

"Ko ta kai dandali ko ta kawo nan, zai tafi ci-rani," ta ce a hankali. "Amma in nan ta kawo, ba na jin zai dawo."

"Shi ya faɗa miki?"

"Ni na haife shi."

"Koma ciki."

Daga ƙofar zauren ana hango rijiyar gari. A nan hanya ta rabu: hagu dandali, dama unguwarsu. Can sai ga Asama'u ta ɓullo, damin a kanta bisa gammo, ƙawayenta biyu a bayanta. Damin ya fi ƙarfinta, tana tafiya tana tsayawa. Mata suka fara guɗa daga dandali. Mai kalangu ya ƙara hannu.

Ta iso rijiya. Ta tsaya. Ta juya dama.

Guɗar ta yanke. Kalangun ya ƙara bugu biyu ya yi shiru. Mutane suka bar turame suka biyo ta a hankali. Yaran ma suka biyo, ƙoransu a hannu. Iya Zinariya na can baya tana dogara sanda.

Gudaji ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Irinsa na dawowa. Yana iya ganin zangarnun daga nan, dogaye, baƙaƙe da hayaƙi, kowace da hannunsa ya karyo ta. Ya ga damina, ya ga kansa a gandu yana zuba ƙwaya a rami yana rufewa da diddige.

Sai ya kalli ɗansa. Zailani bai motsa ba. Bai kalli yarinyar ba, bai kalli kowa ba. Ya zuba wa ƙasa ido, fuskarsa ta koma irin ta shanun Bappa.

Asama'u ta iso bakin zaure. Gumi na bin wuyanta, wuyan na rawa. Hannuwanta da ke riƙe da damin jajaye ne, lallen ya kama sosai. Yatsun ƙafarta na dab da dokin ƙofa.

"Salamu alaikum," ta ce. Muryar ba ta fita da kyau ba.

Gudaji ya miƙe. Ya daɗe kafin ya gama miƙewa. Ya tuna hanyar Gagarawa, yashinta da nisanta, ga shi ba jaki. Ya tuna zauren Ishaku, da yadda zai tsuguna a ciki gaban ƙanensa, da yadda Ishaku zai bar shi ya gama faɗin abin da ya kawo shi kafin ya ce a kawo ruwa. Wataƙila ya bayar. Wataƙila ya hana. Ko ya bayar, matan gidan za su leƙo su gani.

Ya tako ya tsaya a ƙofar, ya dafa bango da hannu biyu. Ba shi da ƙiba, amma ƙofar ƙarama ce.

"Baba, a ba ni hanya," in ji Asama'u.

"Wa ya aiko ki?"

"Kai ka zo jiya."

"Gaishe da ubanki na je."

Wani a cikin taron ya yi tari. Iya Zinariya ta iso, ta tsaya tana haki.

"Gudaji," ta ce, "wuyan yarinyar zai karye. Ka karɓa ko ka bari, gari na jira."

"Baba, iri ne," in ji Asama'u. Hawaye ya gangaro mata, ba hannun sharewa. "Kai ka ce akwai yara. Na kwana ina jin maganar. Don Allah ka matsa in sauke."

Gudaji ya kalli damin sau ɗaya. Ya kau da kai.

"Ba zan matsa ba," ya ce. "Damin nan ba ya shiga gidan nan."