Tafin Hannu a Kaskon Tsuntsaye

Mutanen layin suna kiransa Mai Dutsen Ƙarya, kuma ba ƙazafi suka yi masa ba. A bayan gida, ƙarƙashin rumfar kwano, yake kwaɓa siminti da yashi da zaren ɓawon kwakwa, ya liƙa a jikin tsohon baho, ya fitar da kwamin shuka furanni ko kaskon wankan tsuntsaye. In ya gama, sai ka rantse daga gindin tsauni aka sassaƙo abin tun zamanin kakanni. Masu lambu su zo su shafa, su yi ta jinjina kai, su saya.

Inna, matarsa, ba ta taɓa jinjina kai ba. Ita ce mai goge ƙurar siminti a tagogi, ita ce kuma mai neman bahon wankinta ta tarar da shi a rumfa, kwaɓi dumu-dumu.

"Malam, tsofai-tsofai da kai kana wasan ƙasa," takan ce. "Ina bahona?"

"Aro na yi."

"Wancan ma aro ka ce."

Doka ɗaya gare shi a sana'ar. Da tafin hannu yake danna kwaɓin, ya lulluɓe da leda. Washegari, tun abin yana da sauran taushi, sai ya bi shi da burushin ƙarfe har ya kankare duk sawun yatsunsa. In aka bari ya bushe, shi ke nan, sawun ya zauna har abada. A ganinsa, duk wanda ya hango yatsa a jikin dutse ya gano ƙaryar, kuma ba abin kunyar da ya fi wannan.

Ranar da ciwon ya same shi, ya gama wani babban kasko ke nan. Ya wanke hannu, ya zauna shan shayi, kofin ya suɓuce masa. A asibiti likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Auta, ƙaramar 'yarsu, ta baro gidan mijinta ta zo taya jinya.

Da gari ya waye ya yi ta motsa baki. Inna ta sunkuya ta kara kunne, tana tsammanin wasiyya.

"Kasko," ya ce da ƙyar. "Burushi."

"Kai Malam! Kana kwance a haka, siminti ne a ranka?"

"Inna, ki je kawai," in ji Auta. "Kin san halin Baba, hankalinsa ba zai kwanta ba. Ai ina nan."

Ta tafi tana mita har gida. Ta yaye ledar, ta ɗauki burushin. Ashe duk shekarun da ta yi tana tsiya idonta yana koyo: ta karce gefen, ta farfasa bakin kaɗan-kaɗan yadda yake yi, ta koma kan cikin kaskon tana share sawun yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai tsakiya sai burushin ya tsaya.

A nan ya dafa da dukan nauyinsa lokacin da zai miƙe, don gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala. Tafin damansa ne cif, har da karkataccen ƙaramin yatsan da ƙofa ta datse a ɗakinsu na farko. Ta tuna yadda ta baro hannun nan a kan gadon asibiti, yashe kamar ba nasa ba. Tsoro ya kama ta, tsoron cewa wannan ne aikinsa na ƙarshe. Ta zauna a kan buhun yashi ta yi kukan da ta hana kanta a gaban Auta. Sannan ta rataye burushin a ƙusarsa, ta rufe kaskon da jiƙaƙƙen buhu.

"Kin kankare?" ya tambaye ta da ta koma.

"Na kankare."

"Duka?"

"Buɗe baki ka sha magani."

Kullum da safe sai ta yayyafa wa buhun ruwa kafin ta wuce asibiti, don siminti ba ya ƙarfi sai da laima.

Da aka sallame shi, ƙafar ta soma ɗauka, yana dogara sanda. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun dunƙule, likita kuma ta ja wa Inna kunne cewa in ba ana miƙe su kullum ba, haka za su sandare. Shi kuwa ko taɓawa bai yarda a yi ba. Ya cusa hannun a aljihun riga, ya juya kujerarsa ta ba rumfar baya. Auta ta yi lallashi, Inna ta yi faɗa, duk a banza.

"Ku bar shi," yakan ce. "Ya gama nasa."

Wannan maganar ta fi shi kansa ciwon ƙona wa Inna rai. Wata safiya ta kira Auta, suka mirgino kaskon har gindin bishiyar da ke gaban tagarsa, suna nishi suna dariya. Ta zuba ruwa iya rabin yatsa. Ba a jima ba ƙananan tsuntsaye suka sauko suna facal-facal.

Hayaniyarsu ce ta fito da shi. Ya tako a hankali, tsuntsayen suka watse. Ya duba gefen kaskon, ya shafa da hagu, bai kushe ba, wanda a wurinsa yabo ne. Sai ya leƙa ciki.

"Wannan ne kika ce kin kankare?"

"Shi ne."

"Kin ɓata aiki. Ko jariri ya gani ya san hannu ne ya yi."

"To ƙafa ce ta yi?" in ji Inna. "Tun ina amarya kake goge hannun nan daga jikin komai. Lambunan mutane cike da aikinka, ba wanda ya sani. Na ga kamar za a ƙwace mini shi, shi ya sa na riƙe wannan ɗaya. Ka yi ta faɗanka."

Bai yi faɗan ba. Ya daɗe yana kallon tafin da ke ƙarƙashin ruwa, buɗaɗɗe, yatsu a baje. Sai ya miƙa wa Auta sandar, ya jingina da bakin kaskon, ya sa hagu ya zaro daman daga aljihu, ya saka shi cikin ruwan. Dunƙulen ya zauna a tsakiyar gurbin, guraben yatsun kuwa babu komai a cikinsu.

"Bai shiga ba," ya ce a hankali.

Inna ta durƙusa. Ta kama manuninsa ta miƙe shi, ta kwantar a gurbinsa. Ya cije leɓe don zafi, amma bai janye ba. Ta kama na tsakiya. Kafin ta kai ga ƙaramin, na farkon ya sake lanƙwashewa, ta dawo ta sake. Hannayensu suka yi sanyi cikin ruwan, ba wanda ya yi maganar tashi.

"Gobe ma sai mu gwada," ya ce, "kafin waɗannan 'yan hayaniyar su zo."

Ta gyaɗa kai.

"Kuma sabon bahon nan naki, shuɗin. Ki ajiye mini shi."

"Na me?"

"Aro zan yi."

Inna ta goge ido da bayan hannu, ta shiga ɗaki ta juye wankin da ke cikin bahon a ƙasa, ta kai shi rumfa da kanta.