Ranar da Elspet Ta Ambaci Alade

Da hantsi aka ɗaga baƙar malfar a kan dogon sandan bakin tekun Portlennie. Malfa masunta suke ce mata don ba'a, amma ƙyallen tamfol na jirgin ruwa ne aka ɗinke mai tsini. In masu duban yanayi na gwamnati suka bugo tangaraho daga London cewa guguwa na tafe, sai a rataye ta.

Elspet Swankie na zaune a ƙofar gida tana saka ƙoto a ƙugiyoyin kamun kifin mijinta ta hango ta. Sama kuwa garau, teku kwance luf kamar an shafa mata mai. Haka garin yake ranar da ruwa ya ci mahaifinta, a zamanin da babu mai bugo wa talaka waya.

Maza suka taru a gindin sandan.

"To, malaman London sun sake yin mafarki," in ji Kawu Rab, dattijon masunta. "Mutumin da bai taɓa jiƙa wandonsa ba, shi zai gaya mini halin teku?"

"A bara ma haka suka zaunar da mu muna kallon kifi yana mana gwalo!" wani ya ce. Aka kwashe da dariya.

Duk da haka babu wanda ya motsa, sai da Wattie, ƙanen mijin Elspet, mai rawar kai, ya kwance jirginsa ya miƙa. Shi ke nan, magana ta ƙare. A Portlennie in jirgi ɗaya ya fita, duka za su bi. Wanda ya tsaya, har jikokinsa za a yi wa gori.

Mata suka tattare siket, kowace ta goya mijinta ta shiga ruwa da shi zuwa jirgi, don kada ya wuni a teku da jiƙaƙƙun ƙafafu. Elspet ta goya nata mijin, Dauvit. Tana jin bugun zuciyarsa a gadon bayanta, gemunsa na sosa mata wuya. Wayyo, wannan ɗumin ne za ta kai da ƙafarta ta miƙa wa teku?

"Maigida, ka dubi Allah ka dubi malfar nan."

"Ke dai tafi a hankali, dokina, kar ki kayar da ni."

"Ba wasa nake ba, Dauvit."

"Wattie ya fita, Elspet," ya faɗa ƙasa-ƙasa, ta ji muryarsa na rawa. "Ya kike so in yi?"

Ashe shi ma tsoron yake ji. Ruwan sanyi ya kai mata cinya, jirgin na gabanta. Akwai dabbar da ba a ambata a bakin teku; in ta shiga kunnen masunci, ya fasa fita ranar. Elspet ta tsaya cak, ta rufe ido, ta ƙwala ihu:

"Alade! Alade!"

Bakin tekun ya hargitse. Maza suka yi ta diro daga bayan matansu, suna lalubar ƙusoshin takalmansu, suna "Ƙarfe! A taɓa ƙarfe!" don karya mugun baki. Kawu Rab ya tofar da yawu.

"'Yar nan, kin haukace? Kin kashe wa gari wuni guda!"

Dauvit ya zame daga bayanta, ya taka ruwa ya fita bai dube ta ba.

Azahar ta yi, ko gashin tsuntsu bai motsa ba. Mata na wucewa ta ƙofarta suna tsaki. "Gaishe ki, matar gwamnati," wata ta jefo mata. Elspet ta ƙura wa sama ido. In malaman nan sun sake kuskure, da wace fuska za ta zauna a garin nan? Sai ta tsinci bakinta yana roƙon Allah Ya kawo guguwar. Nan take ta tuna Wattie da mutanensa suna can tsakiyar ruwa, ta toshe bakin da hannu biyu.

Da la'asar teku ta yi baƙi daga arewa. Iska ta zo gaba ɗaya, ta fizge ƙyauren gidan ya bugi bango. Dauvit ya fito a guje da igiya a kafaɗa, maza na jiransa su nufi kan duwatsu inda jirgin ƙanensa zai nemi shigowa, in zai shigo.

A bakin ƙofa ya ja birki, fuskarsa fara fat.

"Hura wuta," ya ce. "Ki ɗora ruwan zafi da yawa."

Ta riƙo hannun rigarsa. "Ba dai za ka shiga jirgi ba?"

"A'a. Ƙafata na ƙasa."

Ta sake shi. Ta durƙusa gaban murhu, ashana na ta karyewa a yatsunta.