Yaran da Ke Cikin Na'ura

Ranar Talata ce, hadari ya haɗo tun da asuba, iska sai buga tagogin ɗakin gwaji take yi. Malama ta shigo da takardu a hammata. Shekararta uku ke nan tana digirin digirgir, tana kuma koyar da 'yan ajin farko, ga shi ita ce wakiliyar ɗalibai a majalisar jami'a. Abokan karatunta kan tsokane ta, wai taura uku ta jefa baki ɗaya.

Bincikenta a kan fatar da za a dasa wa masu ƙuna ne. Ƙwayoyin halittar da take reno suna cikin faranti ashirin, a wata tsohuwar na'urar ɗumi mai mugun hali. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ta yi ta zafi har sai an danna mata jan maɓalli. Wata goma sha ɗaya tana ciyar da su, har ta saba ce musu yarana.

Mai kula da ɗakin sabo ne, dattijo, kwanansa huɗu da kama aiki. Tana sauri ta ce masa, "Baba, zan shiga taro, kuma kashe waya ake yi. In wuta ta ɗauke, don Allah ka duba min yarana."

Ya ce ta tafi abinta, shi ma uba ne.

Taron ya ja har la'asar. Ta yi ta jayayya da manya a kan a riƙa bar wa ɗalibai makullin ɗakunan gwaji ranar hutu, kuma ta yi nasara. Da ta sauko, sai ta tarar da Baba a ƙofar ajinta yana murmushi. Ya ce wuta na ɗaukewa ya garzayo nan, ya buɗe wa ɗalibanta tagogi, ya tsare su har suka gama aikin da ta bari, ko ɗaya bai sulale ba.

Da gudu ta isa ɗakin gwaji, ya biyo ta yana haki. An daɗe da dawo da wuta, murfin na'urar ba ya taɓuwa don zafi. Ta danna jan maɓallin, ta sa tsumma ta buɗe ta.

Ya daɗe yana kallon farantan kafin ya ce, "'Yata, waɗannan ne yaran?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce laifinta ne, ita ce ba ta faɗa masa ba, ta jawo masa kujera ya zauna.

Washegari ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Biyu da ke can ƙasa sun rayu. Faranti goma sha takwas sun mutu, da aikin wata goma sha ɗaya, da babi biyu na kundinta.