Wa Ke Dafa Miki Ruwan Wanka?

Kwanon silba ya bugi bango, ya dawo yana juyi a gaban Manniru. Matarsa Zakiyya ce ta jefa, jaririnta Hanif na kafaɗa yana tsala ihu.

"Kin gani ko?" Manniru ya ce da budurwar da ya shigo da ita. "Tun da ta haihu haka take. Ba barci, ba fara'a, sai kuka da jifa. Inna ta ce iska ce. Ran Juma'a za ta zo daga ƙauye ta tafi da yaron kafin a yi masa illa."

"A taɓa shi a gani!" Zakiyya ta ƙanƙame ɗanta. "Wallahi sai dai a tsallake gawata."

Budurwar Hannah ce, 'yar mai gidan da suke haya a unguwar Dutse Alhaji, gefen babban birnin tarayya. Ta yi digiri a ilimin zamantakewa, yanzu tana koyon aikin sauraren masu damuwa a wani asibiti a Garki. Manniru ya kirawo ta ne don ta ce matarsa ta taɓu, in ya so a gaya wa Inna, mahaifiyarsa, har 'yan boko sun shaida.

Hannah ta zauna a kan jarka. "Oga Manniru, ɗan ba mu wuri."

Yana fita Zakiyya ta galla mata harara. "Ke ce likitar mahaukatan? To ga ni."

"Ni ba likita ba ne, Maman Hanif. Tambaya ɗaya. Wa ke dafa miki ruwan wanka?"

Zakiyya ta ɗago ta dube ta. Mai ruƙiyya ya tambaye ta mafarkinta, nas ta tambayi ruwan nono, amma wannan ba wanda ya taɓa tambaya.

"Wa? Ni mana! Ni ke tare mai ruwa, ni ke hura gawayi, ni ke sauke tukunya da ɗinki a jikina. A garinmu mai jego sarauniya ce. Gida ake kai ki, uwarki ta yi miki wankan ganye safe da yamma, ga kunun kanwa, ga ƙauri, mata cike da tsakar gida, wannan ta karɓi yaro, waccan ta goya. Nan fa? Shi yana Maitama yana gadi, yana wanke karnukan Alhaji, sai ƙarshen mako nake ganinsa. Na ce a kai ni gida, ya ce hanya ba lafiya. Amma da za a ɗauke mini ɗa, ai hanyar ta warke!"

Ta yi ta zubawa kamar an fasa randa. Hannah ba ta ce yi haƙuri ba, ba ta ce ya isa ba. Sai da muryar ta dushe sannan ta leƙa ta kira Manniru.

"Oga, a jami'a an koya mana, kafin ka ce kan mutum ya taɓu, ka duba su wa ke kewaye da shi. Na duba, ban ga kowa ba. Aikin mata goma take yi ita kaɗai. Litinin zan raka ta wurin likita, don ƙuncin bayan haihuwa ciwo ne, yana da magani. Amma a raba ta da yaro, wannan ƙarin ciwo ne."

Manniru ya yi tsaki. "Yanzu duk karatun nan naki, ruwan zafi kika gano?"

"Shi na gano. Kai ka gano?"

Ya buɗe baki, Zakiyya ta riga shi.

"Baban Hanif, kira Inna. Ta zo Juma'ar, ina maraba. Ta taho da kanwa da ganyen runhu da kayan sawa masu yawa, don zama za ta yi har na gama wanka. Ɗana kuwa yana nan."

Ta dangwara masa jaririn a ƙirji. "Riƙe. Ba naka ba ne?"

Ta haye katifa, ta juya wa kowa baya. Manniru ya laluba waya da hannu ɗaya. Kafin su gama gaisawa da Inna, numfashin Zakiyya ya yi nauyi, barci ya ɗauke ta. Hanif kuwa ya saki fitsari mai ɗumi a kan kakin gadin ubansa.

Manniru ya juya zai tashe ta. Hannah ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna masa buhun gawayi da tukunyar da ke bakin ƙofa, babu ko ɗigon ruwa a ciki.