Shiru Kwafi Uku

Dakta ne ya kashe muryoyin nan, ba gara ba, ba ruwan sama ba. Wanda duk ya ce ƙaddara ce, taya shi ƙarya yake yi.

Shi ne shugaban ɗakin adana tarihi na jami'a. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo masa kaset ɗari huɗu da goma sha biyu a kwali shida. Marigayi mahaifinta ya yi shekara talatin yana naɗar hira da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma yau babu ko ɗayansu a raye.

"Amana ce, Dakta," ta ce. "Ko'ina babu muryar Babanmu sai a nan."

A lokacin Dakta na rubuta maƙalar da zai tura taron masana kan adana tarihi a kwamfuta, an kuma kusa rufe karɓa. Ya sa Injiniya, mai kula da na'urorin ɗakin, ya juye kasakasan duka cikin na'ura kafin ranar.

"Ranka ya daɗe, mu saurari ko goma mana, mu ji ko sun hau," in ji Injiniya.

"Taron ne zai tsaya jiranka kana shan hira? Yawan kaset suke so, Injiniya. Juye kawai."

Aka juye, aka yi kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya a laburare, ɗaya a intanet. Kowane wata na'ura na duba su, ta shaida babu abin da ya canza. Wannan tsari shi ne abin alfaharin maƙalar. Da Dakta ya so hoton ɗakin fes don shafi na farko, sai ya sa aka kwashe kwalayen da kasakasan a ciki, tare da karyayyun kujeru, aka ƙone a bayan gini.

Kwamitin taro ya karɓi maƙalar, ya nemi a haɗo da minti ɗaya na sauti. Dakta ya kira mai amanar ta zo ta zaɓa da kanta. Ta zo daga wurin aiki da farin kayanta, ta zauna a bakin kujera.

Injiniya ya kunna na farko. Layi na tafiya a fuskar kwamfuta, babu abin da ke fita sai 'yar ƙara kamar ta firji. Ya tsallaka na hamsin, ya tsallaka na ɗari uku. Sai ya leƙa bayan na'urar, ya ga tun ranar farko wayar da ke kai sauti cikin na'urar a ramin da ba nata ba take.

"Ayya, ba komai," ta ce. "Ɗan Adam ne. A ɗauko kasakasan a sake."

Ta waiga ta duba ɗakin, ba ta ga kwali ko ɗaya ba.

"Dakta, ina kwalayen Baba?"

Ya nuna Injiniya da baki. "Hannun wa ya sa wayar?"

"Nawa, ranka ya daɗe. Bakin wa ya hana a saurara?"

Da ta ji an ƙone su, ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ce a sake kunna na farkon, ta kara kunne a jikin lasifika har kusan minti biyar, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

Hannu yakan yi kuskure. Amma mutumin da aka ba amana, ya kasa ba ta minti goma na kunnensa, ba kuskure ya yi ba. Shirun yana nan kwafi uku, na'ura na shaidawa duk wata cewa lafiyarsa lau.

An janye maƙalar. An sauke Dakta daga shugabanci, aka mai da shi sashen rabon azuzuwa.